Yunwa a Tsakiyar Yalwa: Karyewar Arzikin Amurka daga 1929 zuwa Yaƙin Duniya na Biyu



Mas'alar da aka umarce ni in yi bayani a kanta yau ta shafi wata masifa da ta auka wa ƙasar Amurka, wadda a farkon ji hankali ba ya saurin karɓarta. Yunwar da aka sani a ƙasashenmu sababinta a fili yake, ko dai fari, ko fara, ko yaƙi da ya hana mutane zuwa gona, kuma duk wanda ya leƙa rumbu ya ga babu, ya san dalilin kukan yara. Amma a shekarar 1932, lokacin da rumbunan Amurka ke cike da alkamar da aka rasa mai saye, manoman jihar Ayowa suna ƙona masara a murhu saboda ta fi gawayi araha, masana'antu kuwa suna nan lafiya lau babu abin da ya taɓa injinansu, a wannan lokaci ne mutane dubbai suke tsayawa layi cikin sanyi a biranen Nuyok da Shikago suna jiran a ba su burodi da ɗan romo sadaka. Abin da nake so mu bincika shi ne ta wace hanya hakan ta yiwu, da kuma yadda wannan jarrabawa ta canza ra'ayin Amurkawa game da haƙƙin da talakawa suke da shi a kan hukuma.

Lalle ne mu koma baya kaɗan. Da aka gama yaƙin basasarsu a 1865, ƙasar ta shiga wani irin bunƙasa wanda ba a taɓa ganin kamarsa ba. A 1869 aka haɗa dogon jirgin ƙasa daga gabas zuwa yamma, kafin ƙarni ya ƙare kuwa Amurka ta wuce Ingila wajen narka ƙarfe. Attajirai ƙalilan suka mallaki sana'o'i sukutum: John Rockefeller, wanda ya kafa kamfanin Standard Oil a 1870, cikin shekara goma ya riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na tace man fetur a ƙasar, Andrew Carnegie kuwa, wanda ya zo daga Sikotilan yana yaro matalauci, ya sayar da masana'antunsa na ƙarfe a 1901 a kan wajen dala miliyan 480. Aƙidar da ta rinjaya a wancan zamani ita ce aikin hukuma ya tsaya ga tsaron ƙasa, da kare dukiya, da yanke hukunci tsakanin masu husuma, amma cin mutum da shansa da sana'arsa al'amari ne tsakaninsa da ƙoƙarinsa. Domin ku ga iyakar ƙarfin wannan aƙida, a 1887 majalisa ta amince a kashe dala 10,000 kacal a saya wa manoman Tekzas iri bayan fari ya cinye amfaninsu, sai shugaba Grover Cleveland ya ƙi sa hannu, hujjarsa kuwa ita ce jama'a ne ya wajaba su riƙe hukuma, bai wajaba hukuma ta riƙe jama'a ba. Ƙasar ma ba ta da babban banki a lokacin, har ya zama a 1907, da bankunan Nuyok suka fara girgiza, wani attajiri guda, J. P. Morgan, shi ne ya tara manyan masu banki a ɗakin karatunsa, ya matsa musu har suka haɗa kuɗin ceto. Kunyar wannan al'amari tana cikin abin da ya sa aka kafa babban bankin tarayya a 1913.

Yaƙin Duniya na Farko ya mai da Amurka daga mai cin bashi zuwa mai ba da shi, don kuwa bayan yaƙin gwamnatocin Turai suna riƙe da bashinta na wajen dala biliyan 10. Shekarun 1920 suka zo da walwala a birane. Henry Ford, wanda tun 1913 ya tsara aikin masana'antarsa ta yadda mota ke tafiya a kan layi kowane ma'aikaci yana ɗaura mata abu guda, ya sauke kuɗin motarsa daga dala 850 zuwa ƙasa da dala 300, ya ƙera wajen miliyan 15 zuwa 1927. Rediyo da kayan lantarki suka shiga gidaje, galibi kuwa da bashi, ana biya kaɗan-kaɗan kowane wata. Sai dai manomi bai ga wannan walwala ba. Lokacin yaƙi, da alkama ta yi tsada, ya ci bashi ya ƙara gona ya sayi tarakta. Da Turai ta koma noma farashi ya faɗi tun 1920, bashin kuwa bai ragu da ko sisi ba. Wato tun kafin masifar ta bayyana a birni, ƙauye ya shekara tara yana fama da ita, ba wanda ya kula.

A nan ne kasuwar hannun jari ta Nuyok ta shigo. Asalin hannun jari ba abin zargi ba ne, tarayya ce cikin dukiyar kamfani, a raba riba ko hasara. Illar ta zo ne daga yadda ake sayensa. Mutum yakan je wa dillali da dala 10, dillali ya ranta masa sauran, a saya masa jarin dala 100, jarin nan kuma shi ne jinginar bashin. Idan farashi ya tashi da ushiri, mai saye ya ninka kuɗinsa. Idan ya sauka da ushiri, kuɗinsa ya ƙare, dillali ya ce ya kawo ƙari nan take ko a sayar. Masu saye ba ribar kamfani suke dubawa ba, fata kawai suke gobe wani zai saya da tsada fiye da haka, kuma na tabbata malaman da ke zaune a nan sun riga sun gane wane babi ne na fiƙihu wannan ciniki zai faɗa, saboda gararin da ke cikinsa ba ya ɓoyuwa. Ma'aunin farashin manyan kamfanoni ya kai 381 a ranar 3 ga Satumba 1929. Ranar Alhamis 24 ga Oktoba aka sayar da hannun jari kusan miliyan 13 cikin firgici, ranar Talata 29 ga wata kuma wajen miliyan 16, domin kowane sayarwar dole tana sauke farashi, saukar farashi kuma tana jawo wani sayarwar dolen. Zuwa Yuli 1932 ma'aunin nan ya koma 41.

Mutane da yawa suna tsayawa a nan, su ce faɗuwar kasuwar hannun jari ita ce ta kawo fatara. A ganina wannan bai isa bayani ba, domin waɗanda ke da hannun jari 'yan kaɗan ne cikin al'umma, kuma an taɓa yin irin wannan faɗuwa a baya ƙasa ta farfaɗo cikin shekara ɗaya ko biyu. Abin da ya mai da zazzaɓi ya zama ciwon ajali shi ne mutuwar bankuna, kuma a kan wannan nake roƙon ku ba ni hankalinku.

Kuɗin da mutum ya kai banki, ko da yake shi yana ɗaukarsa ajiya, a haƙiƙa rance ne ya ba bankin, saboda bankin ba ya kulle shi a akwati. Yana riƙe kaɗan don masu zuwa karɓa yau da gobe, saura kuwa ya ranta wa manomi da ɗan kasuwa da mai gina gida. Wannan tsari yana tafiya daidai muddin masu ajiya ba su zo gaba ɗaya ba. Amma ranar da jita-jita ta tashi cewa banki kaza ya raunana, ko gaskiya ce ko ƙarya, maslahar kowane mutum ɗaya ita ce ya riga maƙwabcinsa isa ƙofa, kuma wannan rige-rige da kansa shi ke kashe bankin, ko da a jiya lafiyarsa ƙalau. Amurka a lokacin tana da bankuna wajen 25,000, mafi yawansu ƙanana ne na gari guda, saboda dokokin jihohi da yawa sun hana buɗe rassa, don haka bankin da duk masu bashinsa manoman auduga ne, in auduga ta faɗi ba shi da wata madogara. A Disamba 1930 wani babban banki a Nuyok mai suna Bank of United States ya rufe da ajiyar ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikata, da yawansu baƙi 'yan ci-rani. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna wajen 9,000 suka rufe ƙofa. Waɗanda suka tsira kuwa suka ƙanƙame kuɗinsu suka daina ba da rance, jama'a kuma suka koma ɓoye nasu a ƙarƙashin katifa, har kuɗin da ke yawo a ƙasar ya ragu da kusan sulusi.

To idan kuɗi ya yi ƙaranci, farashin kaya sai ya sauka, kuma wanda bai yi zurfin tunani ba zai ce ai araha alheri ce. Ku dubi manomin da ya ci bashi lokacin da alkama ke da daraja: zuwa 1932 farashin alkama da na auduga sun koma wajen sulusin abin da suke a 1929, saboda haka bashin da buhu ɗaya ke biya yanzu sai uku. Ya kasa biya, banki ya karɓe gonar ya rasa mai saye, bankin ya mutu, mai kanti a garin ya rufe, masana'antar da ke aiko masa kaya ta sallami ma'aikata, waɗanda aka sallama kuma suka daina sayen abincin manomi. Haka aka yi ta zagayawa har ya zama a farkon 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba shi da aiki, wato wajen mutum miliyan 13. A wasu ƙauyuka, idan aka zo gwanjon gonar wanda ya kasa biya, maƙwabta sukan cika wurin su hana baƙo taya, su saye shanu da garma da 'yan kwabbai, su mayar wa mai su.

Ina babban bankin da aka kafa domin irin wannan rana? Ya tsaya yana kallo, a wani lokaci ma ya ƙara wa ciwon gishiri. Kuɗin Amurka a lokacin a ɗaure yake da zinariya, da Ingila ta kwance nata kuɗin daga zinariya a Satumba 1931, aka fara kwasar zinariya daga Amurka, sai babban bankin ya ɗaga kuɗin ruwa a watan Oktoba don ya tsare ta, alhali ƙasa tana kukan rashin kuɗi. Majalisa kuma, a Yuni 1930, ta ɗaga kuɗin fito a kan dubban kayayyakin waje, duk da cewa masana tattalin arziki fiye da 1,000 sun rubuta wa shugaban ƙasa suna roƙon kada ya sa hannu. Sauran ƙasashe suka rama, cinikin duniya ya tsuke, Jamus kuwa, wadda da rancen Amurka take biyan diyyar yaƙi, ta durƙushe, kun kuma san wanda ya hau mulki a can a Janairu 1933. Tartsatsin wannan wuta ya iso har ƙasarmu: farashin gyaɗa ya karye a Kano alhali haraji da tsabar kuɗi ake biyansa, a Jos kuma aka rage haƙar kuza bisa yarjejeniyar da ƙasashe masu kuza suka yi a 1931, aka sallami leburori masu yawa.

Shugaban da wannan ƙaddara ta faɗa wa, Herbert Hoover, ba mugu ba ne kuma ba rago ba ne, adalci ya wajabta a faɗi haka. Maraya ne da ya tashi da ƙoƙarinsa ya zama injiniya, shi ne kuma ya jagoranci ciyar da mutanen Beljiyam lokacin yaƙi. Amma ya yi imani cewa in gwamnatin tarayya ta fara ba mutum abinci kai tsaye za ta kashe masa zuciya, don haka ya bar wannan ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin sadaka, waɗanda baitulmalinsu ya riga ya ƙafe. A 1932 ya yarda aka kafa hukumar ranta wa bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa kuɗi, talakawa suka ce ashe akwai taimako, na manya ne kawai. Unguwannin bukkokin kwali da gwangwani da marasa gida suka kafa a gefen birane, da sunansa aka riƙa kiransu don ba'a. A Yuli 1932 kuma, da 'yan mazan jiya dubbai suka yi zango a Washinton suna roƙon a biya su ladan da aka yi musu alkawari ba tare da jiran wa'adin biyansa ba, aka tura soja ƙarƙashin Janar MacArthur suka kore su da hayaƙi mai sa hawaye, bukkokinsu suka ƙone. A zaɓen Nuwamba Franklin Roosevelt ya cinye jihohi 42 cikin 48.

Roosevelt ɗan masu dukiya ne, wanda shan inna ta kama ƙafafunsa tun 1921, kuma bai zo da wata nazariyya shiryayya ba. Ɗabi'arsa ita ce ya gwada abu, in bai yi ba ya gwada wani. Ya karɓi mulki ranar 4 ga Maris 1933, ranar 6 ga wata ya rufe bankunan ƙasar baki ɗaya, ranar 9 majalisa ta ba shi ikon binciken littattafansu, daren Lahadi 12 ga wata kuwa ya yi wa jama'a magana ta rediyo, cikin harshe mai sauƙi, ya bayyana musu yadda banki ke aiki, ya tabbatar musu cewa wanda aka sake buɗewa an duba shi. Da gari ya waye aka fara buɗewa, sai ga mutane sun yi layi, wannan karon suna mayar da kuɗinsu. A watan Yuni aka yi doka ta raba bankin ajiya da bankin cinikin hannun jari, ta kuma kafa hukumar inshorar ajiya, wadda daga farkon 1934 ta lamunce wa kowane mai ajiya har dala 2,500 ko da bankinsa ya mutu. Hikimar wannan doka ita ce, da zarar ƙaramin mai ajiya ya san kuɗinsa ba zai salwanta ba, ba shi da dalilin yin gudu, in kuwa bai yi gudu ba, bankin ba ya mutuwa, har ya zama lamunin ba a cika buƙatar biyansa ba. Abin mamaki, Roosevelt da kansa da farko bai so wannan sashe ba, 'yan majalisa ne suka nace. A shekarar nan kuma ya sassauta ɗaurin dala da zinariya, farashin kaya ya fara ɗagowa.

Ba duk abin da ya yi ne abin yabo ba. Domin a ɗaga farashin amfanin gona, dokar noma ta 1933 ta biya manoma kuɗi su rage noma, aka bi da garma kan wajen eka miliyan 10 ta audugar da ta riga ta tsiro, aka yanka ƙananan aladu wajen miliyan 6, alhali akwai masu kwana da yunwa da masu yawo cikin tsumma. Lissafin kasuwa yana iya kare wannan, amma zuciya ba ta natsuwa da shi. Mafi muni, kuɗin diyyar ya shiga hannun masu filaye, su kuwa a jihohin kudu suka kori masu noma musu a raba amfani, waɗanda da yawansu baƙar fata ne, jikokin bayi. Kazalika dokar fansho da tallafin marasa aiki ta 1935, wadda Frances Perkins, mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista a Amurka, ta jagoranci tsarawa, ta fitar da leburorin gona da masu aikin gida daga cikinta, waɗannan kuwa su ne sana'o'in galibin baƙaƙen ƙasar a lokacin. Duk da haka, an ɗauki samari wajen miliyan 3 aikin dasa itatuwa da gyaran daji a kan dala 30 a wata, ana aika 25 ga iyayensu. Wata hukumar ta ba mutum fiye da miliyan 8 aikin gina hanyoyi da makarantu da gadoji. An datse kogin Tenesi aka kai lantarki ƙauyukan da ba su taɓa ganinsa ba.

Kotun ƙoli kuwa ta tsaya wa Roosevelt a gaba. A 1935 ta soke dokar tsara masana'antu a kan ƙarar wasu masu sayar da kaji a Buruklin, a 1936 ta soke dokar noma. Roosevelt, da ya ga ya sake cin zaɓe da jihohi 46, sai ya nemi a ba shi ikon ƙara alƙalai har shida a kan taran da ke akwai. 'Yan jam'iyyarsa da kansu suka ƙi, kuma ina ganin sun yi daidai, saboda shugaban da ya cika kotu da mutanensa domin manufa mai kyau ya buɗe ƙofa ga wanda zai yi haka domin mummuna. Kotun dai ta sassauta da kanta a 1937.

Shin wannan sabon tsari na Roosevelt ya kawar da fatara? Masana sun yi saɓani, amma akwai abin da ba a jayayya a kansa. Daga 1933 zuwa 1937 arzikin ƙasar ya yi ta hauhawa da sauri. A 1937 kuwa, da gwamnati ta rage kashe kuɗi don ta daidaita kasafinta, babban banki kuma ya ƙara matse bankuna, sai aka sake faɗawa rami, miliyoyi suka sake rasa aiki. Rashin aikin bai gushe ba sai da yaƙi ya zo. Daga Maris 1941 Amurka ta fara ba Ingila makamai aro, bayan harin Japan na 7 ga Disamba kuma masana'antun mota suka koma ƙera tankoki da jiragen sama, har aka ƙera jirage wajen 300,000, mata da baƙaƙen kudu suka cika masana'antu, zuwa 1944 marasa aiki ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Bashin da 'yan siyasa suka ce ƙasa ba za ta iya ɗauka don ciyar da mayunwata ba, ta ɗauki ninkinsa sau da yawa domin yaƙi, ba ta karye ba.

Hukuncina ke nan a kan Roosevelt: bai warkar da ciwon gaba ɗaya ba, yaƙi ne ya ƙarasa, kuma wasu magungunansa sun cuci raunana. Amma bayansa ba a sake samun shugaban Amurka, daga kowace jam'iyya, da ya iya tsayawa gaban jama'a ya faɗi abin da Cleveland ya faɗa wa manoman Tekzas ba. Dwight Eisenhower, wanda ya hau mulki a 1953 daga jam'iyyar Hoover, bai soke dokar fansho ba, faɗaɗa ta ya yi har ta haɗa da wasu miliyoyin ma'aikata.